Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fastoci Da Dattawan Ikkilisiya: Bishara Ba Ta Ranar Tuba Kaɗai Ba Ce

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu cikin Ubangiji,

Alheri da salama na Allah Uba da na Ubangijinmu Yesu Almasihu su tabbata a gare ku. Muna gaishe ku da aiki, da ɗawainiyar garken da aka danƙa a hannunku. Mu masu wannan wasiƙa malaman Littafi Mai Tsarki ne da masu koyar da ajin almajiranci, a ƙarƙashin jagorancinku muke hidima. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, da wannan zuciyar muke roƙon ku karanta.

Damuwarmu guda ce. Da wuya a sami ikkilisiyar da ta fito fili ta musanci bishara. Tana nan a rubuce cikin bayanin bangaskiya, ana shelarta a taron farkawa, ana kiran marasa bi su fito gaba. Amma da zarar mutum ya yi baftisma, sai a ɗauka ya wuce wannan ajin, a shiga ciyar da shi da wani abu dabam: matakan cin nasara, sirrin buɗi, jerin abubuwan da Kirista ba ya yi. Illar wannan ba ta nunawa ranar Lahadi da kowa ya sha ado yana waƙa. Ranar Talata take nunawa, sa'ad da mace ta gano mijinta ya yi mata ƙarya, ko ma'aikaci ya ga an ɗaga wanda bai kai shi ba, ko saurayi ya sake faɗawa cikin zunubin da ya rantse ya bari.

Kada ku ɗauki maganarmu haka kawai, ku gwada. Ku zaɓi mutum goma da suka shekara biyar ko fiye da yin baftisma, ku yi wa kowanne tambaya biyu a keɓe. Ta farko: me zai sa Allah ya karɓe ka? In amsar ta tashi da "ina ƙoƙari", "ba na fashin sujada", "ba na cutar kowa", to ga kansa mutumin ya dogara, ko da ya ambaci sunan Yesu daga ƙarshe. Ta biyu ta fi tona asiri: in ka yi zunubi da dare, me kake yi da safe? Wanda ya ce yakan janye daga addu'a kwana biyu ko uku har sai ya ji ya gyaru, ya san bishara a ka, amma wata doka ce dabam ke tafiyar da rayuwarsa: sai na tsarkake kaina kafin in je wurin mai tsarkakewa.

Bari mu faɗi abin da muke nufi da bishara, don kada mu yi ta magana a kan iska. Bulus ya jera ta a 1 Korantiyawa 15:3-5, ya kuma ce ita ce mafi muhimmanci: Almasihu ya mutu domin zunubanmu bisa ga Nassi, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku bisa ga Nassi, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, sa'an nan ga sha biyun. Ko ɗaya cikin waɗannan ba aikinmu ba ne. Sanarwa ce ta abin da Allah ya riga ya gama, ana kuma karɓarta ta tuba da bangaskiya. Umarnin ƙaunar maƙwabci mai tsarki ne, amma ba shi ne bishara ba. Shaidar yadda rayuwar wani ta gyaru tana ƙarfafa zuciya, ita ma ba ita ba ce. A duba kuma su wa Bulus yake tuna wa wannan. Ikkilisiya ce da shi ya kafa, ya zauna cikinta shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa. Ya ce musu a cikin wannan bishara suke tsaye, ta wurinta kuma ake cetonsu. Haka a Romawa 1:15 ya ce yana ɗokin yi wa mutanen Roma wa'azin bishara, alhali a aya ta 8 ya riga ya ce labarin bangaskiyarsu ya bazu ko'ina.

Inda aka fi ganin yadda bishara ke shiga harkar yau da kullum shi ne Galatiyawa 2:11-16. Bitrus yana Antakiya, yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai. Da waɗansu suka zo daga wurin Yakubu, sai ya janye jiki don tsoron masu ra'ayin kaciya. Sauran Yahudawa suka bi sahunsa, har da Barnaba. Bitrus bai canja ko kalma ɗaya cikin koyarwarsa ba, wurin zama kawai ya canja. Da Bulus ya ce masa wariya zunubi ce, ka daina, da bai yi ƙarya ba. Amma ba nan ya kama ba. Cewa ya yi ba sa tafiya daidai da gaskiyar bishara, ya kuma shiga bayanin cewa ba a baratar da mutum ta ayyukan Shari'a sai ta bangaskiya ga Yesu Almasihu. Wato, Bitrus, ba don kana Bayahude Allah ya karɓe ka ba, to a kan me za ka ƙi zama da wanda aka karɓa kamar yadda aka karɓe ka? Manzanni haka suke yi da kusan kowane hali. Da Bulus yake neman gudummawa ga matalautan Urushalima, ya tuna wa Korantiyawa Ubangiji da yake mawadaci ya zama matalauci dominsu (2 Korantiyawa 8:9). Miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya ya ba da kansa dominta. A guji fasikanci domin an saye mu da tamani. Bitrus kansa daga baya ya rubuta cewa wanda ba ya girma cikin kamunkai da jimiri da ƙauna ya manta an tsarkake shi daga zunubansa na dā (2 Bitrus 1:9). Mantuwa ya kira ciwon, ba ƙarancin ƙoƙari ba.

In bishara ta kauce daga cibiya, wurin ba ya zama fanko. Abin da ya fi saurin maye gurbinta shi ne addinin ƙoƙarin kai, domin shi ne ɗabi'ar zuciyar mutum tun fil'azal, ba ya bukatar malami. Yakan haifar da mutum iri biyu a benci ɗaya. Wanda yake ganin ya cika sharuɗɗa yakan zama mai girman kai da saurin yanke hukunci, kamar Bafarisiyen Luka 18 ko babban wan da ya ƙi shiga biki a Luka 15. Wanda ya san bai cika ba yakan karaya, ya iya ɓoyewa. Dukansu biyu ba sa furta zunubi, na farko don ba ya gani, na biyu don yana tsoro. Waɗansu kuma sukan yi gudun gara su faɗa gidan zago, su ce tun da alheri ne, kowa ya yi yadda ya ga dama. Kuskuren da shugabanni kan yi a nan shi ne su ce an cika wa'azin alheri, bari a rage a ƙara tsoratarwa. Titus 2:11-12 bai yarda da wannan maganin ba: alherin da ya kawo ceto shi ne yake horar da mu mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Wanda ya mai da alheri lasisin zunubi bai ji alheri da yawa ba, guntunsa ya ji. An gaya masa an yafe masa, ba a gaya masa ya mutu tare da Almasihu an kuma tashe shi tare da shi ba, abin da Romawa 6 ke koyarwa ke nan. Akwai kuma abu na uku da ke maye gurbin bishara, ciniki da Allah: shuka wannan ka girbi wancan, yi azumi kaza ka sami kaza. Bitrus ya tsawata wa Saminu a Ayyukan Manzanni 8 don ya zaci da kuɗi ake samun baiwar Allah. A kan irin wannan ne Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya, ya rubuta batutuwansa 95 a Wittenberg ta Jamus a 1517, lokacin da ake sayar da takardun sassaucin hukuncin zunubi. Batu na farko cikinsu cewa ya yi, da Ubangiji ya ce ku tuba, nufinsa dukan rayuwar mai bi ta zama ta tuba.

Gyara daga bagadin wa'azi zai fara, domin abin da jama'a ke ji mako-mako shi suke maimaita wa kansu sauran kwana shida. Muna roƙon kowane mai wa'azi ya ɗauko wa'azinsa goma sha biyu na baya, rubutattu ko waɗanda aka naɗa. A kan kowanne ya rubuta jimla ɗaya: me mai sauraro ya tafi da shi gida? Sa'an nan ya tambayi kansa: da a ce Yesu bai mutu ba, bai kuma tashi ba, wannan wa'azin zai tsaya yadda yake? In zai tsaya, nasiha ce mai kyau, kowane mai koyar da tarbiyya zai iya yin ta. Manna kiran tuba na minti biyu a ƙarshe ba ya gyara wannan. Hasali ma yana ƙara koya wa masu bi cewa minti talatin da takwas nasu ne, na aiki, minti biyun bishara kuwa na baƙi ne.

Tsarin wasiƙun manzanni ya isa malami. A Afisawa sura 1 zuwa 3 kusan babu umarni sai na tunawa a 2:11, duk bayanin abin da Allah ya yi ne, sa'an nan umarnai suka biyo daga sura 4. A Romawa sai da aka yi sura goma sha ɗaya kafin roƙon miƙa jiki hadaya, aka kuma kafa roƙon a kan jinƙan Allah. Ko a Fitowa 20, Allah ya fara da cewa shi ne ya fisshe su daga gidan bauta kafin ya ba da Dokoki Goma. Masu tsara katikisma ta Heidelberg, littafin koyar da bangaskiya ta tambaya da amsa, a 1563 sun gane wannan: tambayoyi 129 da aka raba wa Lahadi 52, kashi uku, wato halin ƙunci na zunubi, ceto, da godiya. Bayanin Dokoki Goma ɗaya bayan ɗaya a kashin godiya suka sa shi.

A ce nassin ranar a kan fushi ne, Afisawa 4:26-32. A fara da faɗin abin da Allah ke bukata ba tare da sassautawa ba: a kawar da ɗacin rai, da hasala, da zage-zage. Sai a tona dalilin da ya sa muke kasawa. Yakubu 4:1-2 ya ce faɗa daga muradin da ke yaƙi a cikinmu yake fitowa. Magidancin da ya daka wa matarsa tsawa don ta yi masa gyara a gaban yara ba gajiya ce kaɗai ta sa shi ba, girmansa aka taɓa, girman nan kuwa ya zama abin da yake rayuwa dominsa. Daga nan a nuna Almasihu, wanda aka zage shi bai rama ba, ya kuma ɗauki zunubanmu a jikinsa a kan gungume (1 Bitrus 2:23-24). Ba misali kawai ya bar mana ba, hukuncin wannan tsawar ma shi ya sha. Sai a sauko ranar Talata: mutumin da Allah ya riga ya karɓa, ya kira shi ɗa, ba ya bukatar ƙwato girma da tsawa, yana iya komawa ɗaki ya ce, "Na yi miki laifi, ki gafarta mini," ba tare da ya ji duniyarsa ta rushe ba. Wa'azin bai rage nauyin umarnin ba, ya ba mutum ƙafar da zai tsaya ya bi shi.

Akwai tarko a nan. Waɗansu, don son kai kowane nassi ga Almasihu, sukan mai da kowane itace na Tsohon Alkawari gicciye, kowane jan abu jini. Wannan wasa da Nassi ne, yana kuma koya wa jama'a cewa mai wa'azi na iya fitar da abin da ya ga dama daga kowace aya. A Luka 24:44-47 Yesu ya nuna cewa Attaura da Annabawa da Zabura suna maganarsa, amma hanyoyin a fili suke: alkawari da cikarsa, hadaya da firist, sarki da annabi, ko kuwa kasawar mutum da ke nuna bukatar Mai Ceto. A fara fahimtar nassin a inda yake tukuna.

Makarantar Lahadi ta yara ita ce inda aka fi yin ɓarna ba da sani ba. Ana koyar da 1 Sama'ila 17, a rufe da cewa ku zama jarumai kamar Dawuda, ku kashe Goliyat na rayuwarku. Yaro ya tafi gida da kaya a ka. Ku duba labarin da kyau. Kwana arba'in Isra'ilawa suna rawar jiki, babu mai fita. Dawuda, wanda aka shafa wa mai a sura 16, ya fita shi kaɗai a madadinsu, nasararsa ta zama tasu, sai bayan Goliyat ya faɗi suka tashi da sowa suka fafari Filistiyawa. A cikin wannan labarin, mu ne sojojin da ke rawar jiki. Ku tara malaman yara sau ɗaya a wata uku, ku bi darussan zango mai zuwa ɗaya ɗaya, ku duba jimlar da kowane darasi ya ƙare da ita. In duk sun ƙare da "saboda haka ka zama yaron kirki", to 'yan Farisawa ƙanana ake renon mana, ko kuwa matasan da za su bar ikkilisiya ranar da suka gane ba za su iya ba.

Waƙoƙi ma koyarwa ce, Kolosiyawa 3:16 ta faɗa. A jera waƙoƙi ashirin da aka fi rerawa cikin wata uku, a ƙirga nawa ne suka ambaci gicciye, gafarar zunubi ko tashin Almasihu, nawa ne kuma maganarsu duk a kan maƙiyana, nasarata da ɗaukakata take. Haka jawabin karɓar baiko: dalilin da ake ba mutane na bayarwa yana koya musu wane irin Allah suke bauta wa. In tsoron la'ana ne ko kwaɗayin riɓi, minti biyar ɗin nan na iya warware wa'azin minti arba'in.

Jibin Ubangiji shelar mutuwar Ubangiji ce har ya dawo (1 Korantiyawa 11:26). Yadda ake gargaɗi kafin a raba shi yakan sa masu taushin lamiri su zauna, masu taurin zuciya su tashi su karɓa. Laifin Korantiyawa shi ne masu hali suna ci su ƙoshi suna kunyatar da marasa shi. Aya ta 28 kuwa cewa ta yi mutum ya auna kansa, sa'an nan ya ci. A faɗa a sarari cewa teburin na masu zunubi ne da suka tuba, ba ladar waɗanda mako ya yi wa kyau ba.

Horon ikkilisiya wajibi ne, Matiyu 18:15-17 ta ba da matakansa: kai da shi, sai da shaida ɗaya ko biyu, sai gaban ikkilisiya. Inda ake kuskure shi ne a mai da horo biyan bashi, a yanka wa mutum watanni kaza, in sun cika a ce ya gama, ko zuciyarsa ta juya ko ba ta juya ba. Tun ranar da aka sa mutum ƙarƙashin horo a naɗa dattijo ɗaya da zai riƙa ganinsa kowane mako. A gaya masa a fili abin da za a gani a san ya tuba. In an sanar da horon a gaban jama'a, a sanar da maidowar a gaban jama'ar nan, da farin ciki. Bulus ya umarci Korantiyawa su yafe wa wanda aka hora su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8). A ɗaya ɓangaren, kada a yi amfani da kalmar gafara a rufe bakin wanda aka zalunta. Zakka mai karɓar haraji, da ceto ya shigo gidansa, ya ce zai mayar riɓi huɗu ga duk wanda ya cuta. Wanda ya ci amanar kuɗi ya biya. Wanda ya ci zarafin yaro ko mace a miƙa shi ga hukuma, Romawa 13 ta ba hukuma wannan aikin. Gicciye shaida ce cewa Allah ba ya share zunubi ƙarƙashin tabarma.

Sai abin da za ku sa a hannun membobi su tafi da shi gida. Da safe minti goma sha biyar sun isa mai farawa. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne. Tsarin karatun da Robert Murray M'Cheyne, fasto a Sikotilan, ya shirya wa jama'arsa a 1842 yana bukatar kimanin sura huɗu a rana, a gama Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu a shekara. Yana da kyau ga wanda ya saba. Wanda bai saba ba yakan maƙale a Littafin Firistoci, ya ga bashin surori ya taru, kunya ta sa ya ajiye gaba ɗaya. A ba shi Sabon Alkawari: sura 260 ne, sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52 daidai, da kwana biyu na cike gurbi kowane mako. Bayan karatu ya amsa tambaya uku: me wannan ya nuna mini game da Allah, wane zunubi ko wace bukata tawa ya tona, me Almasihu ya yi a kan wannan. Addu'ar ta fito daga amsoshin, a fara da godiya a kan ta ukun kafin a kawo jerin bukatu. Wanda karatu ke yi wa wuya ya saurari wanda aka naɗa a waya, sau biyu, ya maimaita aya ɗaya da bakinsa.

Hadda tana da muhimmanci domin jaraba ba ta jira mutum ya buɗe littafi. Dukan ikkilisiya ta haddace nassi ɗaya cikin mako shida, ana karanta shi tare kowace Lahadi, takwas ke nan a shekara: Ishaya 53:4-6, Romawa 5:6-8, Romawa 8:1, Romawa 8:31-34, 2 Korantiyawa 5:21, Galatiyawa 2:20, Afisawa 2:8-10, da 1 Yahaya 1:8 zuwa 2:2. A Afisawa 2 kada a tsaya a aya ta 9, ta 10 ce ke nuna matsayin kyawawan ayyuka.

Da tsakar rana, sa'ad da zuciya ta tashi, a koya wa mutane tambaya biyu gajeru: me nake tsoron rasawa ko nake kwaɗayin samu a wannan lokacin, me kuma na riga na samu cikin Almasihu da ba mai ƙwacewa? A ce wata 'yar'uwa ta ji abokiyar aikinta ta ɓata mata suna. Ciwon gaskiya ne, kada a ce mata ba komai. A misalin Matiyu 18:23-35 bashin da bawan yake bin ɗan'uwansa dinari ɗari ne, dinari ɗaya kuwa ladar yini ce ta lebura, wato albashin fiye da wata uku, ba abin rainawa ba. Amma bashin da aka yafe masa talanti dubu goma ne, talanti ɗaya kimanin dinari 6,000, ladar yini miliyan 60 ke nan. Ba ƙanƙantar laifin da aka yi mata ne zai sa ta yafe ba, girman abin da aka yafe mata ne. Ta yafe, ta kuma je ta yi wa abokiyar magana ido da ido.

Da dare minti biyar: a kira zunubin ranar da sunansa, "na yi wa wane ƙarya a kan kaza", ba "ka gafarta mana zunuban da muka sani da waɗanda ba mu sani ba" kawai. A karanta alkawarin 1 Yahaya 1:9, a gode, a kwanta. Masu tsananin binciken kai sukan mai da wannan zaman makoki na awa guda. Irin waɗannan a ba su shawarar M'Cheyne: in ka dubi kanka sau ɗaya, ka dubi Almasihu sau goma.

A gida, Luther ya rubuta ƙaramar katikisma a 1529 domin magidanta su koya wa iyalansu, bai bar aikin ga fasto kaɗai ba. Sujadar iyali ta minti goma kowace rana ta fi ta awa guda da ake yi sau ɗaya a wata: gajeren nassi, tambaya ɗaya ga yara, waƙa, addu'a. Abin da ke kashe ta shi ne uba ya mai da ita kotu, inda ake karanta laifofin kowa da ayoyi. Yaran da ba su taɓa jin mahaifinsu ya nemi gafararsu ba za su ɗauka tuba aikin yara ne.

Ba mai iya riƙe wannan shi kaɗai. Ibraniyawa 3:13 ta ce a gargaɗi juna kowace rana don kada yaudarar zunubi ta taurare zuciya. Tun 1742 John Wesley, mai wa'azi na Ingila, ya riƙa raba mabiyansa ƙungiyoyi na kimanin mutum goma sha biyu masu haɗuwa mako-mako. Don furta zunubi muna ba da shawarar abin da ya fi haka ƙanƙanta, mutum uku ko huɗu, maza dabam, mata dabam, awa ɗaya a mako. Abu biyu ke rusa irin wannan zumunci. Ɗaya tsegumi, ko da an sa masa rigar "mu yi masa addu'a". In magana ta fita sau ɗaya, ba wanda zai ƙara buɗe baki. Ɗayan kuwa gaggawar ba da shawara. In ɗan'uwa ya ce ya sake faɗuwa, kada a ce masa ba komai, kowa na yi, kada kuma a tare shi da dabaru biyar. A fara tambayarsa me ya nema a wurin zunubin. A faɗa masa da baki cewa jinin Yesu yana tsarkakewa daga wannan zunubin takamaimai. Bayan haka a zauna a tsara mataki: lambar da za a goge, hanyar da za a daina bi, wanda za a kira in jarabar ta taso.

Duk wannan tsarin ma yana iya zama sabuwar shari'a. Za a sami mai alfahari da bai taɓa fashin karatun safe ba, da mai jin Allah ya juya masa baya don ya yi fashin kwana uku. Ku riƙa faɗa cewa wanda ya yi fashi ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba bashin da zai biya. Kalmar bishara kanta tana iya zama take da ake maimaitawa ba a bayyana ta, har kunne ya saba ya daina ji.

Iyayenmu, da girmamawa, saura ku. Wesley ya riga ya zama limamin coci, ya je aikin mishan Jojiya ta Amurka ya dawo, kafin ranar 24 ga Mayu 1738 da ya ji ana karanta gabatarwar Luther ga Romawa a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ya sami tabbacin cewa zunubansa, nasa na kansa, an ɗauke. Ikkilisiyar Afisa tana da aiki da jimiri da gano manzannin ƙarya, duk da haka Wahayin Yahaya 2:4 ta ce ta bar ƙaunarta ta fari. Mai hidima yana iya neman karɓuwa a yawan jama'a da girman gini. Alamun a bayyane suke: ranar da benci ya cika yana walwala, ranar da ya ragu gida ba ya zaunuwa, ba ya jure gyara, ci gaban ikkilisiyar maƙwabta yana ci masa rai. Da almajirai saba'in suka dawo suna murnar aljannu sun yi musu biyayya, Yesu ya ce su yi murna da an rubuta sunayensu a sama. Kowane fasto yana bukatar karatun da ba na shirya wa'azi ba, da mutum ɗaya aƙalla, wanda ba a ƙarƙashinsa yake ba, da zai iya furta wa zunubinsa.

Roƙonmu shi ne ku sa wannan cikin ajandar zaman dattawa mai zuwa, ku fara da tambayoyi biyun nan ga mutum goma da duba wa'azi goma sha biyu, ku kawo abin da kuka samu a zama na gaba kafin a yanke abin da za a canja. In kun kira mu don bin darussan yara ko horar da shugabannin ƙananan ƙungiyoyi, a shirye muke.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Waɗansu malaman Littafi Mai Tsarki da masu koyar da almajiranci